Rijiyar da Ta Yi Warin Fetur

Maiɗakina ce ta fara jin warin. Ta ja ruwa da safe za ta yi wanke-wanke, ta kai hanci bakin bokiti, ta kira ni. Na shinshina. Fetur ne, amma kaɗan, irin wanda yake saura a hannu bayan mutum ya wanke da sabulu. Na ɗaga bokitin wajen haske, sai na ga wani siririn maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan.

Gidan haya ne a Gyadi-Gyadi, a wani lungu da ba shi da nisa da asibitin koyarwa. Sassa huɗu ne, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Ruwan famfo ya daɗe da daina zuwa layinmu. Ruwan sha muna saya wurin 'yan garuwa, amma wanka da wanki da alwala duk rijiyar ce. Ni na fi kowa daɗewa a gidan, shekarata tara a lokacin, saboda haka duk abin da ya taso ni Hajiya mai gidan take tambaya. Ita a Darmanawa take zaune, ciwon ƙafa ya hana ta yawan fita.

Aikina fassara labarai da karanta su a gidan rediyo. An koya mana kada mu kira mutum ɓarawo sai kotu ta kira shi, mu ce wanda ake zargi. An koya mana kada mu ɗauki labari daga baki ɗaya. Ina ji da wannan horon. Na faɗi haka ne don a san cewa abin da ya biyo baya ba daga wanda bai san ƙa'ida ba ya fito.

Sashen da yake kusa da get, wani mai adaidaita sahu ne ya kama shi da bazara, wata biyu kafin a fara jin warin. Daga wani ƙauye na kudancin Kano ya zo, da matarsa da 'yarsu ta goye. Ba shi da yawan magana. Kullum bayan sallar asuba yakan turo adaidaitar kusa da rijiya, ta gefen yamma, ya ja guga uku ko huɗu, ya wanke ta tas har tayoyi, ruwan ya bi daɓe ya gangara kwata.

Shekara tara rijiya lafiya. Mutum ya zo da abin hawa mai shan fetur, yana wanke shi taku uku daga bakinta. Bayan wata biyu ruwa ya yi warin fetur. Ban ga abin da ya rage a bincika ba.

Na tare shi washegari yana matse tsumma.

"Malam direba, wankin nan naka ya shiga rijiya."

Ya miƙe. "Ai kwata ruwan yake bi, Malam. Ga shi kana gani."

"Wanda ido yake gani ke nan. Daɓen nan duk ya tsattsage."

Ya dubi daɓen, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri. Na daina."

Ya kuwa daina. Ya koma wanke ta a bakin titi da ruwan garuwa. Aka yi mako biyu, wari yana nan, har ma ya ƙaru. Sai na ce wa maiɗakina ai a ɓoye yake yi, kafin mu fito. Na riƙa tashi da wuri ina leƙe ta taga, kwana biyar a jere, ban ga komai ba. Sai na ce ai man da ya zubar tun farko ne ya riga ya jiƙa ƙasa, yanzu yake tsiyaya a hankali. A ranakun da warin ya ragu, nakan ce kun gani, tun da ya daina abin yake sauƙi. A ranakun da ya ƙaru, nakan ce kun gani, ɓarnar ta yi nisa.

Halinsa ma ya shiga cikin hujjojina. Idan ya gaishe ni har da rusunawa, sai na ce ya san abin da ya yi. Idan ya wuce da sauri ya ɗaga hannu kawai, sai na ce kunya ce ta hana shi tsayawa. Wata rana matarsa ta aiko mana da kuka da daddawa daga ƙauye, na ce wa maiɗakina toshiyar baki ce. Ta ce, "Kuka ce dai," ta zuba a miya.

Na je Darmanawa na faɗa wa Hajiya. Ta saurara tana murza gwiwa da man zafi.

"Kai ne babba a gidan," in ji ta. "Wa'adinsa zai cika ƙarshen watan gobe. In ka ce shi ne, ba zan sabunta masa ba. Ni ba zan bari a kashe min rijiyar da maigidana ya haƙa ba."

Na ce ta ba ni lokaci kaɗan in ƙara lura. Na faɗi haka ne don kada a ce na yi gaggawa, amma a raina na riga na gama.

A sashen baya akwai wata mata da take aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, tana zaune da mahaifiyarta. Kowa Sista yake ce mata, ta gaji da bayanin cewa ita ba nas ba ce, ta haƙura. Sa'ar ƙanwata ce, kuma ba ta jin nauyin tsokanata. Wata la'asar ta dawo daga aiki ta same ni a bakin rijiya ina yi wa maiɗakina bayani karo na ban san nawa ba. Ta ajiye jaka ta tsaya tana ji har na gama.

"Malam mai labarai, in yi tambaya?"

"Bismillah, Sista."

"Me za ka gani ka ce ba shi ba ne?"

Na ce ban gane ba.

"Ya yi wanki, ka ce shi ne. Ya daina, ka ce shi ne. Wari ya ragu, shi ne. Ya ƙaru, shi ne. Ni so nake ka faɗa min abu ɗaya tak da in ya faru za ka ce, to, na yi kuskure."

"Ai ba zai faru ba, tunda shi ne."

"Ban ce zai faru ba. Cewa na yi ka ambace shi."

Maiɗakina ta duƙar da kai tana tsince wake, amma na ga kafaɗarta tana motsi.

Sista ta ce a wurin aikinsu, in likita yana zargin wata cuta, shi da kansa yake rubuta gwajin da zai iya ƙaryata shi. In ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, to ya yarda ke nan cewa za a ga ƙwayar cutar a jini, in kuma aka duba da kyau aka maimaita ba a gani ba, dole ya sake tunani. Ta ce likitan da babu sakamakon da zai sa ya canza magana, bai kamata ya wahalar da mara lafiya da ɗibar jini ba.

Abin da ya ƙona min rai shi ne na san wannan maganar. Na sha fassara rahotannin kimiyya, na sha karanta jimloli irin su masana sun yi hasashe kaza, kuma gwaji ya saɓa wa hasashen. Na san cewa bayanin da ake girmamawa a kimiyya shi ne wanda yake fitowa fili ya ce abu kaza ba zai faru ba, ya ba wa mutane damar kama shi. Na karanta wa dubban mutane haka da murya mai natsuwa. Ban taɓa tunanin ya shafi rijiyar gidanmu ba.

Dama kuma ta zo da kanta. Lokacin girbin gero ya yi, mai adaidaita ya ce zai tafi gida da iyalinsa na mako biyu, da adaidaitar zai tafi don ya ɗauko hatsi. Sista ta ce a yashe rijiyar ranar da ya tafi, a ga abin da zai biyo baya. Amma ta ce sai na rubuta tukuna.

"Rubuta me?"

"Abin da ka yarda zai kayar da maganarka. Kafin a yi, ba bayan an yi ba. Na san ku 'yan rediyo, ba a rasa ku da bayani."

Ta yago takarda daga littafinta. Muka zauna a kan tabarma, tana tambaya ina amsawa. Ta ce in wari ya dawo alhali ba ya nan, me zan ce? Na ce zan iya cewa wani ne ya zuba don a wanke shi. Ta ce to a sa wa murfin kwaɗo, makulli a hannuna, ni zan riƙa buɗewa a ja ruwa a gabana. Ta ce sai me? Na ce man da ya jiƙa ƙasa. Ta ce madalla, in daga sama ya jiƙa, to ƙasar bangon rijiya ta sama, ta gefen da yake wanki, dole ta fi ko'ina wari, sai mai yasa ya kankaro mana mu ji. Ta ce sai me kuma? Na yi tunani, ban sami wata mafita ba.

Na rubuta da hannuna: idan aka yashe rijiya, aka kulle, kuma warin ya dawo da ƙarfinsa kafin mai adaidaita ya dawo, sannan ƙasar sama ta gefen yamma ba ta wari, to ba shi ba ne. Na sa hannu. Ta ninke ta saka a aljihun jakarta. Ina kallon takardar tana shiga jakar na ji wani abu da ban ji ba tun da aka fara maganar nan. A karo na farko akwai yiwuwar a kama ni, kuma ni na ba da igiyar.

Mai yasar wani dattijo ne daga Unguwa Uku, ya zo da mutum biyu masu jan igiya. Suka kwashe ruwan, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Kafin ya yi nisa na sa ya kankaro ƙasa daga tsakanin duwatsun sama, ta yamma. Aka miƙo min a murfin gwangwani. Na shinshina, na sake shinshinawa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne kawai. Na miƙa wa Sista.

Bai daɗe a ƙasa ba ya girgiza igiya aka jawo shi. Ya zauna yana numfashi, idonsa ya yi ja.

"Kada wanda ya kunna ashana a nan," in ji shi. "Sama lafiya lau. Daga ido yake fitowa."

Ido shi ne inda ruwa yake ɓuɓɓugowa a gindin rijiya. Na ce, "Baba, ta wane gefe idon yake?"

Ya nuna gabas da haɓa.

Na tambaye shi me yake ganin ya jawo haka. Ya ce ita rijiya tana da shekarar lafiya, tana da shekarar ciwo, in lokacinta ya yi za ta warke, in bai yi ba sai haƙuri. Bayan ya sake sauka na ce wa Sista a hankali, wannan bayani na Baba ba ranar da zai faɗi, ko ta warke ko ba ta warke ba ya yi daidai. Ta ce, "Irin naka ne na makon jiya. Shi dai nasa ba ya korar kowa daga gida."

An gama yasa, ruwa ya taru, na sa kwaɗo. Washegari na buɗe, muka ja. Warin ya tafi, sai mutum ya dage sosai kafin ya ji wani ɗan alamarsa. Rana ta biyu haka. Ta uku haka. Maganar ƙasar sama da maganar idon gabas na ture su gefe, na ce wa kaina ruwa a ƙarƙashin ƙasa zagaye yake yi, wa ya san hanyarsa. Abin da na riƙe shi ne, mutum ya tafi, wari ya tafi.

A rana ta huɗu na yi abin da ba zan taɓa yi a wurin aiki ba. Na kira Hajiya a waya na ce mata ya tabbata. Takarda ta ce mako biyu, ni na ba da labari a kwana huɗu. Ta ce shi ke nan, za ta sa dillali ya nemo wani.

Duk kwanakin nan ba a yi ruwan sama ba. Ban lura da haka ba sai daga baya. A rana ta shida hadari ya haɗo daga gabas da azahar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har la'asar, lungunmu ya cika. Kwana biyu bayan haka na buɗe kwaɗo da safe, ina ɗaga murfi warin ya buge ni, na ja da baya. Ya fi na kowane lokaci. Maiƙon a saman guga har yana ƙyalli.

Makullin yana aljihuna, ban taɓa ba kowa ba. Mutumin yana ƙauyensu kwana takwas.

Na ji bakina ya fara aiki da kansa. Na ce, "Wataƙila ruwan saman ne ya wanko abin da ya..." Sista ta fito da shirin tafiya aiki. Ta buɗe jaka ta ɗago takardar da yatsa biyu, ta nuna min gefenta kawai, ta mayar. Na rufe bakina.

Da yamma ta ce ita ma tana da nata zargin. Gabas da mu, bayan gidaje uku, akwai wani kango da ba a gama ginawa ba. Duk layin an san wani ɗan bumburutu, mai sayar da fetur ta bayan fage, yana ajiye kayansa a ciki, wasu ma suna cewa ya binne duro a ƙasa don gudun masu kame. Ta ce in duron yana yoyo, ruwan damina zai iya tura man ta ƙarƙashin ƙasa. Wannan zai bayyana abin da ya sa warin ya fara da damina, da abin da ya sa yake ƙaruwa bayan ruwa, da abin da ya sa ta ido yake shigowa.

Na ce, "Kin dai sauya wanda ake zargi ne kawai."

"Haka ne. Amma ga abin da zai kayar da ni, rubuta. In gaskiyata ce, rijiyoyin da suke tsakaninmu da kangon za su fi tamu wari, na yamma da mu kuma za su yi ƙasa da tamu. In aka samu akasin haka, na janye."

Sai a lokacin na tambayi kaina me ya hana ni tun farko sanin halin da rijiyoyin maƙwabta suke ciki. Amsar ba ta da wuya. Gidajen layinmu, ban da namu na haya, duk gidajen iyali ne, namiji ba ya wuce zaure. A masallaci kuma in ka tambayi mutum ya gida, lafiya lau zai ce, ko da rufin ɗakinsa ya faɗo. Ni kaina watanni ina haɗuwa da su sau biyar a rana, ban taɓa ce wa kowa rijiyarmu tana wari ba, don kada a ce gidan 'yan haya ƙazamai ne.

Aikin ya zama na mata. Ranar Asabar Sista da maiɗakina suka sa hijabi, suka ɗauki tsabtatattun kwalabe, suka shiga gida uku na gabas da gida biyu na yamma da sunan gaisuwa. Sun fi awa uku. Da suka dawo maiɗakina tana dariya tun daga get.

Ta ce a gida na farko uwargidan ta daɗe tana faɗa da maigidanta a kan janareto da ya ajiye kusa da rijiya, har ta sa ya mayar da shi zaure, wari bai tafi ba, ta ce ai ya riga ya ɓata ƙasar. A gida na biyu wani ƙanin miji ne mai gyaran babur ake zargi, an hana shi shigo da ko sifana. Kowane gida da nasa mai laifin, kuma kowane mai laifi a cikin gidan yake, domin iyakar abin da kowa yake gani ke nan. Ba wanda ya san na kusa da shi yana fama da abu ɗaya.

Sista ta liƙa filasta a gindin kowace kwalba ta rubuta gidan da aka ɗebo. Ta ƙara ɗaya ta rijiyarmu, da ɗaya ta ruwan garuwa. Ta juya mana baya ta cakuɗa su, sannan ta ce ni da mahaifiyarta mu shinshina, kowa daban, mu jera su daga mafi wari zuwa mara wari, ba tare da mun duba gindi ba. Ta ce ita ba za ta yi ba tunda ta san abin da take so ta ji.

Jerina da na Inna, mahaifiyar Sista, sun zo ɗaya, sai kwalba biyu na ƙarshe da muka saɓa, waɗanda dama ba ma jin komai a cikinsu. Aka juya gindi. Biyu mafi wari na gabas ne. Ta uku tamu. Ta huɗu, mai ɗan alama, gidan da yake manne da mu ta yamma. Sauran uku ba wari: ruwan garuwa, da gida na biyu ta yamma, da kuma gida na uku ta gabas, wanda katangarsa take jingine da kangon kansa.

Sista ta ɗauki wannan kwalbar ta daɗe tana dubawa. "Wannan ta ƙi ni," in ji ta.

Na ga ina so in taimake ta. Na ce wataƙila rijiyarsu ta fi zurfi, ko idonta ta wani gefen yake.

"Ka auna?"

"A'a."

"To bar ta a haka. Huɗu sun bi maganata, ɗaya ta ƙi, kuma ita ce mafi kusa. Ba zan je in ce wa mai unguwa ga mai laifi ba. Zan ce masa rijiyoyi huɗu suna warin fetur, a zo a duba."

Ranar Lahadi na hau adaidaita zuwa Darmanawa. Kwana uku ya rage mutumin ya dawo. Hajiya ta ce dillali ya riga ya kawo wani ɗalibin asibiti, har ya leƙa ɗakin ta taga ya ce yana so.

Na ce, "Hajiya, na zo in janye maganata. Ba shi ba ne."

Ta ajiye carbi. "Ranar nan ka ce ya tabbata."

"Na yi gaggawa."

"To wa ne ne?"

"Ban sani ba tukuna. Akwai wanda ake zato, amma ba a tabbatar ba."

"Ikon Allah. Da ka san mai laifi, yanzu da ka ƙara bincike ka daina sani? Wannan wane irin ilimi ne, ɗan nan?"

Na ba ta labarin takarda da kwaɗo da kwalabe. Tana ji tana kallona irin kallon da ake yi wa wanda aka fara shakkar an saye shi. Ta tambaye ni ko mutumin ya ba ni wani abu. Ta tambaya ko Sista 'yar garinsu ce. Ta ce ta yaya za ta san gobe ba zan dawo in ce ashe dai shi ne ba? Na ce wanda ban sani ba shi ne mai laifin, amma wannan ɗaya na sani: mutum yana ƙauye, rijiya a kulle, makulli a aljihuna, wari ya dawo, kuma yana gidajen da bai taɓa taka ƙafarsa ba. Na ce in tana so ta aika jikarta gidajen ta shinshina da kanta, ba sai ta yarda da ni ba.

Wannan ta ƙarshen ce ta shige ta. Ta ce, "Kai za ka kira dillalin ka ba shi haƙuri. Ni ba zan yi magana biyu da bakina ba." Na kira shi a gabanta. Abin da ya faɗa min ba na rediyo ba ne.

Mai adaidaita ya dawo ranar Laraba da hantsi, adaidaitar cike da buhuna, matarsa a gefe riƙe da yarinya. Kafin la'asar ya aika wa kowane sashe kwanon sabon gero, har da namu. Kafin magariba kuma matarsa ta ji komai daga bakin matan gida, har zuwan ɗalibin da ya leƙa musu taga.

Na same shi a bakin get bayan sallar magariba yana goge gilashi. Na ce masa na zarge shi a kan abin da bai yi ba, na kai shi wurin Hajiya, kuma na je na janye. Na ce ya yafe min.

"Ba komai, Malam. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ci gaba da goge gilashin. Na juya zan shiga, sai ya ce, "Malam, in yi tambaya?"

"Ina ji."

"An ce bayan an yashe, warin ya tafi, sai da aka yi ruwan sama ya dawo."

"Haka ne."

"To da a ce ba a yi ruwan nan ba har na dawo fa?"

Na tsaya. Lissafin ba shi da wuya. Ƙarshen damina ne, mako biyu ba ruwa ba abin mamaki ba ne. Da rijiya ta zauna lafiya har ya dawo, da takardar da na sa wa hannu ba ta kama ni ba, da na ɗauki hakan a matsayin shaida, ƙila har Sista ta rasa abin cewa. Da ya sauke buhunansa ya tarar da wani yana jiran ɗakinsa, ni kuma ina nan da tabbacin na yi bincike.

Na ce, "Da ka tashi."

Ya gyaɗa kai, kamar dama amsar da yake jira ke nan. Ya ninke tsumman ya saka a ƙarƙashin kujera.

Hajiya ta sabunta masa. Mai unguwa ya zo ya shinshina ruwan gida biyu, ya ce zai kai maganar gaba. Bayan ɗan lokaci aka wayi gari ɗan bumburutun ya kwashe kayansa daga kangon, ba wanda ya haƙa ya ga ko akwai duro. Da rani warin ya tafi. Damina ta gaba ya dawo kaɗan, ta bayanta ban ji shi ba. Wannan ya dace da maganar Sista, ya kuma dace da ta Baba mai yasa. Rijiyar gidan da yake jingine da kangon har yau ban san abin da ya hana ta wari ba.

Shi kuwa ya ƙara shekara biyu a gidan kafin ya sami wuri mafi girma a Tarauni. Muna gaisawa, yakan rage min hanya in ya gan ni a titi. Amma bai sake wanke adaidaitarsa a tsakar gida ba. Na ce masa ya dawo da wankinsa ciki, na faɗa sau biyu. Kowane karo yakan ce, "To, Malam," washegari kuma in ji shi a bakin titi yana kiran mai garuwa.